Kafin Ku Juye Tsohon Kaset ɗin Biki a Faifai

A watan Yulin 2016 kamfanin Funai na ƙasar Japan ya daina ƙera na'urar bidiyo mai cin kaset. Shi ne na ƙarshe da ya rage yana ƙera ta, saboda haka duk wadda ke aiki yau a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi tsohuwa ce, in kuma ta mutu babu sabuwa a kanti. Ba wanda abin ya dama a lokacin, don tuni an koma faifai, daga faifai an koma waya. Amma maganar ta shafi duk gidan da ke da kaset a ƙasan akwati ko a bayan jeren kwanuka: na ɗaurin aure, na suna, na saukar karatu, na tarbar alhazai, na hawan salla, na yaye ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura. Wasu an ɗauke su tun garuruwan nan suna cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996. Kaset ɗin da ya samu kulawa yakan kai shekara talatin yana nuna hoto. Abin da ke saurin ƙarewa shi ne na'urar da za ta karanta shi, da mai gyaran da ya san cikinta.

Mutum yakan miƙa kaset a shago ya ce a juye masa a faifai, a ganinsa aiki ɗaya ne. A gaskiya sai an fara kwashe hoton daga kaset zuwa kwamfuta, sannan a matse shi a mai da shi irin tsarin da na'urar DVD ke ganewa, sannan a ƙona shi a faifai. Matsewa da ƙonawa in sun lalace ana sake su gobe, asarar faifai ɗaya ce. Kwashewar farko ita ce ba a cika samun damar maimaita ta ba, domin tsohon kaset yana iya tsinkewa a wucewa ta biyu, ko na'urar ta cinye shi. Don haka a nan ya kamata hankali ya fi tsayawa.

Fara da sanin irin kaset ɗin da ke hannunka. Babban nan mai baƙar roba shi ne VHS, wanda kamfanin JVC ya fito da shi a 1976. Shi ne masu ɗaukar biki ke zurawa a manyan kyamarorin Panasonic na saɓawa a kafaɗa, kuma a kansa masana'antar finafinan Hausa ta tashi, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990. Akwai ƙaraminsa, VHS-C, wanda zarensa iri ɗaya ne da na babban, sai dai a saka shi cikin wani gida mai siffar babban kaset kafin na'ura ta karɓe shi. Akwai Video8 na 1985 da Hi8 na 1989, galibi na kyamarorin Sony na riƙewa a tafin hannu, irin waɗanda ma'aikata da alhazai kan shigo da su. Waɗannan ba wani gidan da za a saka su na'urar VHS ta karanta. Duk wanda ya ce maka yana da shi bai san abin da yake faɗa ba. Sai da kyamara ko na'ura irin tasu. Daga 1995 kuma aka samu MiniDV, wanda tsawonsa bai kai santimita 7 ba. Shi ya bambanta da sauran, domin tun a kan zaren hoton a lambobi yake, irin na kwamfuta. Za mu dawo kansa.

Kafin kaset ya shiga kowace na'ura, a juya shi a duba gefensa. A jikin VHS akwai wani ɗan harshen roba; muddin yana nan, ana iya yin sabuwar ɗauka a kan tsohuwa. A ɓalle shi. A ƙananan kaset-kaset ɗan maɓalli ne ake turawa gefe. Bikin gidaje da yawa ya tafi ta wannan hanya, yaro ya danna jan maɓalli ya naɗi wasan ƙwallo a kan ɗaurin auren babansa.

Sannan a leƙa ta tagar kaset ɗin. In ka ga farin gari ko wani abu mai kama da ƙura a manne a gefen naɗin zaren, fumfuna ce. Ɗakin ƙasa da ya sha damina bayan damina, ga akwatin ƙarfe a rufe, shi ke haifar da ita. Kaset mai fumfuna kada ya shiga na'ura haka nan: zai toshe kan da ke karanta hoton, ya kuma bar ƙwayar cutar a ciki ta kama duk kaset ɗin da ya biyo baya. Sai mai gyara ya buɗe shi ya goge zaren a hankali. Zafin bazara kan sa zaren ya manne da juna, ƙurar hunturu kuma tana karce shi. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye, a fara tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi farko, ba tare da kallo ba, don naɗin ya saki. Ita ma na'urar a gwada ta da wani kaset da ba a damu da shi ba, tsohon fim ɗin Indiya ko makamancinsa. In za ta ci zare, gara ta ci wannan.

Yadda ake kwashewa

Kwashe VHS ko Hi8 ba ya gaggautuwa. Kaset mai lamba E-180 awa uku ne, kuma awa ukun nan sai an zauna su cur, na'ura na kunne, kwamfuta na naɗa. In mai ɗaukar ya yi tsimin kaset ya ɗauka a LP, wato ya rage gudun zaren, zai kai awa shida, hotonsa kuma ya fi rawa. Wanda ya ce ka zagaya kasuwa ka dawo nan da rabin awa, to ba duka zai kwashe ba.

Wayoyin nan uku da kowa ya sani su ne hanya: ruwan ɗorawa na hoto, fari da ja na sauti. Suna fitowa daga bayan na'urar bidiyo su shiga wata 'yar na'ura da ake soka wa kwamfuta ta USB. Masu arha a kasuwa sunansu EasyCap, kuma ingancinsu sa'a ce, wata ta yi kyau wata ta wanke launi. In kyamarar Hi8 ce mai ramin S-Video, a yi amfani da shi maimakon ruwan ɗorawar, don yana raba haske da launi, hoto ya fi fita tas.

Abin da za ka tambayi mai shago shi ne ma'aunin da yake kwashewa. Talabijin ɗin Nijeriya a kan tsarin PAL yake, hoto 25 a kowace daƙiƙa, kuma cikakken ma'auninsa a kwamfuta ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye. Manhajoji da yawa in ba a taɓa su ba suna tashi ne a kan tsarin Amurka, NTSC, mai 720 da 480, ko su zaɓi ƙaramin ma'auni don fayil ɗin ya yi sauƙi. In aka kwashe a haka, an yi asarar da ba ta gyaruwa daga baya. Ga mutanen Zurmi da Shinkafi, da ba su da nisa da iyaka, akwai ƙarin abu ɗaya. Nijar ta bi tsarin Faransa ne, SECAM. Kaset ɗin da dangi suka aiko daga Maraɗi, in a wannan tsarin aka naɗe shi, zai iya fitowa baƙi da fari a na'urar da PAL kawai ta sani. Bai lalace ba, na'ura mai karanta tsari da yawa yake bukata, kuma galibi a goshinta ake rubuta sunayen tsarin da take ci.

In hoto na tsalle ko farin layi na ratsa shi, akwai maɓallin daidaita zare a na'urar ko a rimot, a taɓa shi kafin a fara naɗa. Amma wani ɗan siririn layi mai karkarwa a can ƙasan hoton ba ciwo ba ne. Kowane VHS na da shi. Tsohuwar talabijin ce ke ɓoye shi a bayan bakinta, kwamfuta kuma ba ta ɓoye komai.

Ciwon da ya fi yawa shi ne baki ya rabu da murya. A farkon kaset komai daidai, amma can wajen awa ta biyu sai ka ga liman ya shafa fatiha muryarsa na nan tana addu'a. Dalili shi ne kwamfutar ta riƙa zubar da hotuna ɗai-ɗai a hanya, ko don ba ta da ƙarfi, ko don ana wani aiki da ita a lokacin, sauti kuwa bai tsaya jira ba. Saboda haka in za ka duba aikin, kada ka kalli farko ka ce ya yi. Tsallaka ƙarshe, ka nemi inda wani ke magana kusa da kyamara, ka kalli leɓensa.

MiniDV kuwa, tunda hotonsa a lambobi yake, kwafe shi ake yi yadda yake, ba ragi ko kaɗan. Hanyar ita ce wayar FireWire, wadda Sony ke rubuta wa i.LINK, wasu kuma 1394 ko DV. Ramin USB da ke jikin yawancin waɗannan kyamarori na hotunan kati ne, ko bidiyo mai rauni. Matsalar ita ce sababbin laftof sun daina zuwa da FireWire, sai a nemi tsohuwa, ko a saka wa kwamfutar tebur katinsa, wanda masu sayar da kayan kwamfuta a Gusau ko Kano za su iya nemo maka. Wasu masu shago kan guje wa wannan wahala su bi ta wayar ruwan ɗorawa. Hoto zai fito, amma an zubar da rabin kyawunsa a banza. Awa ɗaya ta MiniDV tana cin kusan gigabait 13. Kada yawan ya tsorata ka har ka yarda a goge shi bayan an gama faifai. Wannan babban fayil shi ne uwar aikin.

Akwai gajeriyar hanya ga wanda ba ya son kwamfuta: na'urar DVD mai naɗa, a haɗa ta kai tsaye da na'urar kaset, wannan na kunne waccan na rubutawa. Tana aiki, kuma baki da murya ba su cika rabuwa a cikinta ba. A zaɓi XP mai awa ɗaya ko SP mai awa biyu, a bar sauran. Sai dai in an gama dole a rufe faifan daga cikin na'urar, in ba haka ba babu wata na'ura da za ta karanta shi. Haka ma ƙananan faifan nan masu faɗin santimita 8 da wasu kyamarori ke ɗauka a kansu kai tsaye, masu cin kusan minti 30. Da yawa suna nan a gidaje ana zaton sun mutu, alhali rufe su ne ba a yi ba, kuma kyamara irin wadda ta rubuta su ce ke rufewa.

Me ya sa ba a jefa fayil a faifai kawai

Na'urar DVD ba kwamfuta ba ce. Tun da aka fito da tsarin a 1996 abu ɗaya aka koya mata: ta nemi jaka mai suna VIDEO_TS, a cikinta ta tarar da fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP, hoton ciki kuma a matse da tsarin MPEG-2. In ka ɗauki fayil ɗin MP4 ka ƙona shi a faifai yadda yake, kwamfuta za ta buɗe, wasu na'urorin Caina ma sukan yi ƙoƙari, amma wadda ke ɗakin Inna mai yiwuwa ta ce babu faifai. Manhajoji irin su DVDStyler, wadda kyauta ce, ko Nero da tsofaffin masu shago suka saba da ita, su ke yin wannan juyi su tsara jakar. Gwaji mai sauƙi: saka faifan da aka ba ka a kwamfuta ka buɗe. In ka ga VIDEO_TS, faifan kallo ne. In ka ga fayil ɗaya tilo, faifan ajiya ne.

Wajen tsawon abin da za a zuba a faifai ne ake yin cinikin da ke ɓata aiki tsakanin mai shago da mai kaset.

"Alhaji, wanga kaset awa ukku na, faifai guda bai ɗaukar shi."

"Kai dai matsa shi ya shiga."

Zai shiga. Faifan DVD na yau da kullum gigabait 4.7 aka rubuta a jikinsa, kwamfuta kuma takan nuna kusan 4.38 saboda bambancin lissafi. Wannan wuri ba ya ƙaruwa. In awa ɗaya aka zuba, kowace daƙiƙa tana samun kaso mai tsoka, kusan megabit 8 zuwa 9. In awa biyu ce kason ya koma wajen 5. In uku ce ya faɗo ƙasa da 3 da rabi. Matsewa kuwa dabararta ita ce ta adana abin da ya canza tsakanin hoto da hoto, ta yi watsi da abin da bai motsa ba. Fim ɗin kamfani, da kyamara a kafe da haske mai kyau, yana jure matsi. Bidiyon biki ba ya jurewa. Hannun mai ɗauka na rawa, ana turereniya wajen liƙi, shadda da leshi na walƙiya, dawakai na tayar da ƙura a ƙofar fada, ga ɗakin amarya babu haske sai yayyafin ɗigo-ɗigo da tsohon kaset ke yi. Duk wannan a wurin kwamfuta motsi ne, kuma in kaso bai isa ba sai fuskoki su farfashe su koma dabbare-dabbaren murabba'i. A ganina awa ɗaya da rabi ita ce iyakar abin da ya dace a ɗora wa faifai ɗaya. Kaset ɗin awa uku a raba shi biyu. Bambancin kuɗin bai wuce na faifai guda ba. Akwai faifai mai hawa biyu mai cin gigabait 8.5, amma ya fi tsada, kuma tsofaffin na'urori kan yi tuntuɓe a inda ake sauya hawa.

Wasu gidajen sun riga sun yi wannan juyi tun shekarun 2000, lokacin da faifan VCD ya kori kaset daga Ƙofar Wambai a Kano har zuwa teburan masu sayar da fim a kasuwar Alhamis ta Shinkafi. VCD ɗigo 352 ne da 288, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hoton DVD, kuma ba ya wuce minti 80. Wanda ke da VCD kuma kaset ɗin asali na nan, ya koma kan kaset a sake kwashewa. Juya VCD zuwa DVD ba ya ƙara masa komai, ko da an rubuta HD a jikin kwalin. Matse hoto kamar surfen gero ne, dusar da aka sheƙe ba ta komawa jikin tsaba. In kuwa kaset ɗin ya ɓata, VCD ɗin kaɗai ya rage, a buɗe shi a kwamfuta, a shiga jakar MPEGAV, a kwafe fayil ɗin da ke ƙarewa da DAT yadda yake. Manhajar VLC tana kunna shi. Kada a sake matse shi.

Abu biyu kuma da ido ke gani amma ba kowa ya san sunansu ba. Na farko, hoton tsohuwar kyamara kusan murabba'i ne, huɗu a kwance uku a tsaye. Talabijin ɗin bango ta yanzu mai faɗi ce, sai mai shago ya ja hoton ya cika ta don kada a ce ya bar baƙi a gefe. Sakamakon shi ne kowa ya yi ƙiba ya gajarce, rawani ya baje. A bar baƙin gefen, haka hoton yake. Na biyu, kyamarorin wancan zamani kowane hoto rabi biyu suke ɗaukarsa, layukan mara da na cika, ɗaya bayan ɗaya, rabi 50 a daƙiƙa. A fuskar kwamfuta wannan kan fito kamar haƙora a gefen duk abin da ke motsi. In faifan DVD za a yi, a bar shi haka, na'ura da talabijin sun san yadda za su haɗa. Abin kiyayewa shi ne kada manhaja ta juya jerin, ta sa rabin baya a gaba. In ta yi haka, duk wanda ya gifta a hoton sai ya riƙa karkarwa, kuma ba a cika ganin wannan a kwamfuta ba sai a talabijin. MiniDV rabin da manhaja ke kira na ƙasa yake fara bayarwa. Wanda za a tura a waya shi ne ake haɗe rabin biyun tun a wurin juyi.

Bidiyon waya ma ana mai da shi DVD, don tsofaffin da ba su riƙe babbar waya. A sani dai ragewa ake yi: waya na ɗaukar layi 1080 ko fiye, DVD kuwa 576 ne iyakarsa, wanda aka ɗauka a tsaye kuma zai zauna a tsakiya da baƙi hagu da dama. A ba Baba faifansa, a riƙe na wayar.

Wajen tacewa ina da ra'ayi mai ƙarfi. Masu shago suna son ƙawa: furanni na buɗewa, zobe na juyawa, a ɗora waƙar da ake yayi a kan komai. Waƙar ana samunta ko'ina. Abin da ba a samu shi ne guɗar gwaggo, kirarin maroƙi, muryar kaka tana yi wa mai kyamara tsiya, hayaniyar yara a zaure. Ka ce a bar sautin asali. Haka wuraren da ake ganin ba su da amfani, inda mai ɗauka ya leƙo da kyamara ta tagar mota a hanyar kai amarya. A nan ake ganin gari yadda yake a da: tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, gadar Gagare, shagunan da aka rushe, motocin da aka daina gani. A yanke shuɗin allo da inda kyamara ke kallon ƙasa, a bar sauran. Kwanan watan da ke rubuce a kusurwar hoto kada a rufe shi da tambarin shago. Abin da ke da amfani a ƙara shi ne rabe-raben tsallakawa duk minti biyar ko goma.

Ƙonawa da abin da ke bayanta

Ƙonawa mintoci kaɗan ce. A sayi DVD-R, shi tsofaffin na'urori suka fi karɓa. Ko an rubuta 16x a jikinsa, a ƙona a 4x ko 8x, don rubutun ya zauna sosai. In aka ɗauke wuta ana tsaka da ƙonawa faifan ya tashi aiki, saboda haka a yi da laftof mai batir, ko a kan sola. Manhajar ImgBurn da Nero duk suna da zaɓin sake karanta faifan bayan an gama don a tabbatar, a kunna shi. Faifai daga tsakiya yake fara rubutu ya nufi baki, kuma mai arha a bakin yake fara gazawa, don haka nan ma ƙarshen bikin za ka duba, a na'ura biyu daban in da hali.

Faifan da aka ƙona a shago ba ɗaya yake da na kamfani ba. Na kamfani bugawa ake yi a jikin roba. Na shago wani rini ne a ciki da haske ke ƙonawa, shi ya sa bayansa ke da launin shuɗi ko shunayya, rini kuwa rana na cin sa. Faifan da ya kwana biyu a gaban gilashin mota a watan Afrilu sai addu'a. A rubuta suna da alƙalami mai laushin baki, ban da biro, ban da manna takarda. CD ya fi tsoron karcewa ta saman da ake rubutu, don bayanan suna dab da wurin. Na DVD a tsakiyar roba biyu suke. In za a goge, daga rami zuwa baki, ba zagaye ba.

Duk da haka faifai abin kallo ne, ba wurin ajiya ba. Sababbin laftof ma sun daina zuwa da wurin saka shi. Ka tafi shago da had dis naka, ka ce a zuba maka uwar fayil ɗin da aka kwashe, da kuma ƙaramin MP4 na waya. In filas ka kai ya ƙi karɓar babban fayil alhali da wuri, tsarinsa ne FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4. A mai da shi exFAT. A yi hattara da filas da memori na jabu, masu nuna sun karɓa alhali ba su riƙe ba, kuma ko na gaske ne ba a jefa shi a durowa shekaru a dogara da shi. Tura bidiyo ta WhatsApp yana sake matse shi, sai in an tura shi a matsayin fayil. Ajiya a intanet tana da kyau, amma mutanen Zamfara sun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a watan Satumban 2021 aka yi makonni babu su. Ga kuma halin rashin tsaro da ake ciki, inda iyali kan bar ƙauye da abin da hannu ya iya ɗauka. Don haka a ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa a Gusau ko Sakkwato ko Kano. Kaset ɗin kansa kada a yar. A mayar da shi farko, a saka a kwalinsa, a jingine shi a tsaye, nesa da lasifika saboda maganaɗisunta.

Saura maganar amana. Kaset ɗin biki ba na maza kaɗai ba ne. Akwai kamu, akwai lalle, akwai wuni, mata a tsakar gida ba mayafi suna rawa a tsakaninsu, wasunsu yau matan aure ne masu jikoki. Kwamfutar da za a kwashe shi a cikinta sau da yawa ita ce ake tura wa samari finafinai da waƙoƙi a waya daga safe zuwa dare. Kafin ka miƙa, ka shawarci matan da ke ciki. Ka zaɓi mai shagon da aka san shi aka san gidansu, in da hali kai ko wani na gida ya zauna har a gama. Ku yi magana tun farko cewa ba za a bar kwafi ba, ba kuma za a yanki wani wuri a yi tallar shago da shi ba. In an zuba maka naka ka buɗe ka tabbatar yana yi, a goge na kwamfutar a gabanka, a shiga kwandon shararta a goge nan ma, a kuma duba jakar da manhajar ke ajiye aikin wucin gadi, don kwafin VIDEO_TS yakan kwana a can.